Yadda Ake Yawaita Shuke-shuke Ba Tare da Ƙwayar Iri Ba a Legas

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba kowace shuka ake samu daga ƙwayar iri ba. Cediyar ƙofar gida reshe aka sara aka kafa, rogo kara ake binnewa, rake gaɓa ake shimfiɗawa a kunya, dabino mai kyau kuwa ɗansa ake cirewa daga gindin uwa. A duk waɗannan, wani sashe na jikin shuka ne ake ɗauka a rene shi har ya zama cikakkiyar shuka, ba tare da fure ko barbara sun shiga tsakani ba. Sabuwar shukar tana gadon halin uwarta kaf, zaƙi da girma da yawan 'ya'ya, tana kuma riga wadda ta fito daga ƙwaya haihuwa. Shi ya sa masu lambu a Ojo da Iyana Iba da masu sayar da dashen furanni a bakin titunan Ikeja da Ikoyi da Lekki suka dogara da wannan hanya wajen neman abincinsu.

Sai dai wanda ya koyi aikin a Arewa dole ya sauya hannu idan ya zo Legas. A Kano ko Katsina fari ne abin tsoro, hankalin mai dashe kuma yana kan ban ruwa. A nan damina tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, iska cike take da laima kusan duk shekara, kuma mafi yawan dashen da ke mutuwa ruɓewa yake yi, ba bushewa ba. Kusan kowane gargaɗi da zai biyo baya daga wannan ya samo asali.

Kayan aiki

Abu na farko wuƙa ce ƙarama mai kaifi sosai, wadda ba a yin wani aiki da ita, da sabuwar reza domin aikin aure, wato haɗa reshen wata bishiya da gindin wata. Almakashin datse reshe yana sauƙaƙa aiki, amma idan babu shi wuƙar ta wadatar, adda kuma a bar ta ga rogo da ayaba da manyan rassa. Ana buƙatar maganin wanke ƙarfe: spirit na asibiti, ko ruwan bilic kashi 1 a cikin ruwa kashi 9. A tanadi baƙar ledar reno, ko ledar fiya wata da aka yanke bakinta, ko robar fenti da tsohon bokiti, muddin an huda gindinsu sosai. A samu farar leda mai nuna ciki, da zare ko tsinken roba, da tokar itace busasshiya, da garin gawayi.

Na ƙasar reno kuwa: yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na gini, baƙar ƙasa ta sama, da abu mai riƙe danshi ba tare da ya dunƙule ba, wato garin katako da ya tsufa, ko ɓawon kwakwa da aka daddaka, ko ƙaiƙayin shinkafa. Ɓawon kwakwa ba ya wahalar samu ga wanda ke kusa da hanyar Badagry. Taki ya zama ruɓaɓɓe, na kaji ko na shanu irin wanda ake samu a wajen mayankar Oko-Oba da ke Agege. Akwai garin fitar da saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan noma. Yana taimaka wa itatuwa masu taurin kai irin gwaiba da lemo, amma shuwaka da rogo da dankali ba sa buƙatarsa ko kaɗan, kada a ɓata kuɗi. A ƙarshe sai rumfa mai tare rana da kuma ruwan sama, wadda ko ganyen kwakwa da leda a samansa ya isa.

Abu biyu kawai mai koyo zai riƙe game da jikin shuka. Na ɗaya, gaɓa, wato inda ganye ke fita daga kara, a nan ido yake, kuma daga nan sabon toho da saiwa suka fi saurin fitowa. Na biyu, tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn rufi mai santsi da danshi, wanda shi ne sashen da ke girma. Shi ke warkar da rauni, shi ke haɗa reshe da reshe a wajen aure.

Mataki na 1: Zaɓen uwa

Tun da ɗa zai gaji komai na uwa, har cutarta zai gada. Kada a yanki kara daga rogon da ganyensa ya yamutse ya yi dabbare-dabbaren rawaya da kore, domin cuta ce da ke bin jikin karan, ƙananan fararen ƙudaje kuma su ƙara yaɗa ta a gona. Kada a ɗauki ɗan ayaba daga gindin da ganyayensa suka tsuke suka taru cunkus a sama; an gano wannan cutar a Jihar Ogun, yankin iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma ba ta da magani sai tuge shukar. A zaɓi uwar da aka ga haihuwarta da ido, aka ɗanɗana 'ya'yanta. Ga mai son rogo na kirki, nau'o'in da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yaɗa, irin su TME 419, sun yi suna wajen jure cuta da yawan amfani, haka cibiyar NIHORT, ita ma a Ibadan, ita ce ta shahara kan lemo da mangwaro da kayan lambu.

Akwai wata illa da ya kamata mai babban lambu ya sani. Idan duk shukar gona daga uwa ɗaya ta fito, cutar da ta iya ɗaya ta iya sauran. Haka ta faru da ayabar Gros Michel wadda ta mamaye kasuwar duniya har zuwa shekarun 1950, lokacin da cutar Panama ta cinye gonakinta a Amurka ta Tsakiya, aka koma ayabar Cavendish. Saboda haka ina ba da shawarar a riƙa haɗa nau'i biyu ko uku a lambu ɗaya.

A yi yanka da sassafe, lokacin da reshe ke cike da ruwa, a sa abin da aka yanka cikin jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. A goge wuƙa da maganin wanki duk lokacin da za a koma kan wata bishiya.

Mataki na 2: Haɗa ƙasar reno

Wannan mataki ne masu koyo suka fi rainawa, kuma shi ya fi kashe musu dashe. Reshen da aka yanke ba shi da saiwar da zai sha taki, abin da yake nema iska ne da ɗan danshi a gindinsa. Don haka ƙasar farko ba a sa mata taki: yashi kashi 2, garin katako ko ɓawon kwakwa kashi 1. Ƙasa ta biyu, wadda za a mayar da dashe cikinta bayan ya yi saiwa, ita ce mai baƙar ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen garin katako kuma yana janye abincin ƙasa yayin da yake ruɓewa, sai a ga dashe ya yi rawaya.

A kula da asalin yashin. Da yawa daga yashin ginin Legas daga ƙarƙashin ruwa ake haƙo shi, wani yana ɗauke da gishiri, wanda ke ƙona bakin ganye ya hana saiwa fita. A zuba shi a buhu a wanke shi da ruwa mai daɗi sau biyu ko uku, ko a bar shi ruwan sama ya dake shi na 'yan makonni. Ɓawon kwakwa ma a jiƙa shi a zubar da ruwan kafin amfani. Haka ruwan rijiya a unguwannin bakin teku irin Lekki da Ajah yakan yi zartsi. A irin wuraren nan ruwan sama da aka tara a duro ya fi.

Idan da hali a kashe ƙwayoyin cutar ƙasar: a jiƙa ta kaɗan, a zuba a rabin duro, a rufe, a ɗora a wuta ta turara kamar minti 30, a bar ta ta huce sarai. Wanda ba shi da duro ya kwarara tafasasshen ruwa a kan ƙasar da ke cikin leda ya bar ta ta kwana. Sannan a gwada tsanewa: a cika leda ɗaya a zuba ruwa, idan bai fara zuba ta ƙasa nan take ba, a ƙara yashi ko a ƙara huji. Kada a jera leda a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, a ɗora su a kan katako ko bulo.

Mataki na 3: Yanke reshe a kafa

Da wannan ya kamata mai koyo ya fara, kuma ya fara da shuwaka, domin tana da yafiya, kasuwarta kuma ba ta mutuwa a Legas. A zaɓi reshen da ya fara tauri, ba ɗanyen kai mai laushi ba, ba kuma tsohon da ya bushe ba, kaurinsa kamar fensir ko ɗan yatsa. A yanke tsawon santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa 3 zuwa 5. Yankan ƙasa ya zama dab da ƙarƙashin gaɓa, na sama kuma a karkace, ɗan nesa kaɗan da ido, domin ruwan sama ya zame kada ya kwanta a kan rauni. Karkatar tana da wani amfanin: tana nuna ina ne sama. Reshen da aka kafa kai ƙasa yawanci ba ya kamawa, kuma kuskure ne da ake yawan yi idan an tara yankakkun rassa da yawa.

A cire ganyen ƙasa duka, a bar ɗaya ko biyu a sama, idan manya ne a rage rabinsu da almakashi. A taɓa gindin a garin saiwa idan akwai, a kakkaɓe. Idan babu, a taɓa shi a toka ko garin gawayi. A huda rami da tsinke a cusa reshen har gaɓa 2 su shige, a danne ƙasa a gefensa. Tura reshe kai tsaye cikin yashi yana ɗaye ɓawon gindinsa.

Da wannan hanya ake yawaita daidoya, na'a-na'a, da akasarin furannin shinge da ake sayarwa a bakin titi. Na'a-na'a da daidoya ko a kofin ruwa suna yin saiwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, muddin ana canja ruwan. Masu ƙaiƙayi ko farin ruwa a jiki, da masu kaurin ganye, a bar yankansu ya sha iska a inuwa kwana biyu ko uku kafin a kafa.

Rogo ba ya buƙatar reno, kai tsaye ake kai shi gona. A ɗauki kara mai wata 8 zuwa 12, a yar da ɗanyen kai da busasshen gindi, a yanka tsakiya santimita 20 zuwa 25 mai ido 5 zuwa 7. A kafa shi a kishingiɗe, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanu na kallon sama, tazarar mita 1 ta kowane gefe, wato kimanin shuka 10,000 a hekta. A ƙasa mai riƙe ruwa dole a yi kunya mai tudu. Dankalin Hausa kuwa kan yaɗonsa ake yanka, santimita 25 zuwa 30, a binne gaɓa 2 ko 3 a kunya, a haƙa bayan wata 3 zuwa 4. Zogale yana kamawa daga babban reshe mai tsawon kamu biyu ko fiye, amma a Legas ban cika son wannan hanya gare shi ba: wanda ya fito daga reshe ba shi da doguwar saiwar tsakiya, iskar farkon damina tana kayar da shi, kuma gindinsa yana ruɓewa a tsakiyar ruwa. Idan za a yi, a yi a tudu, a ƙarshen damina. Gwanda da ugu da kwakwa, waɗannan a bi su ta ƙwaya kawai.

Mataki na 4: Inuwa da ban ruwa

A jera dashen a rumfa mai haske amma ba rana kai tsaye ba. Littattafan da aka rubuta domin ƙasashe masu sanyi ko busasshiyar iska suna cewa a lulluɓe dashe da leda ruf. A Legas da damina wannan dafa shi ne. Ledar ta zama rufi a sama, gefe a buɗe iska na ratsawa. Sai a watannin Disamba da Janairu, idan hunturu ya sauko iska ta bushe, za a iya kifa farar leda ko yankakkiyar gorar ruwa a kan dashe, a riƙa buɗewa kullum da safe na ɗan lokaci.

Ba a ba da ruwa bisa agogo. A cusa yatsa a ƙasar, idan da danshi a bar ta. Alamar ruwa ya yi yawa ita ce gindin reshe ya yi baƙi ya yi laushi, ko ƙasa ta yi gansakuka. Wanda ya nuna haka a cire shi a yar nesa, kada ya shafa wa sauran. Katantanwa suna cin sabon toho da dare, don haka a zagaye wurin da toka a riƙa tsince su da asuba. Gara kuma tana bin garin katako, wani dalilin ɗaga leda daga ƙasa ke nan.

Fitowar ganye ba shaidar saiwa ba ce, domin reshe yakan yi toho da abincin da ke jikinsa. Kada a tuge don a duba. Bayan mako 3 a ɗan ja shi a hankali, idan ya yi turjiya ya kama. Masu laushi mako 2 zuwa 3 suke ɗauka, masu itace mako 4 zuwa 8.

Mataki na 5: Raba 'ya'ya da saiwa

Ayaba da agade ba su da ƙwayar shukawa, 'ya'yan gindi ake cirewa, kuma 'ya'yan iri biyu ne. Akwai mai kaurin gindi da siraran ganye masu tsini, wannan shi ake so. Akwai mai siririn gindi da faffaɗan ganye tun yana ƙarami, wanda ya fi kyan gani, amma ba shi da ƙarfi, kuma shi masu koyo suka fi ɗauka. A sa ƙarfe mai faɗin baki tsakanin ɗa da uwa a yanke mahaɗarsu, a ɗago shi da dunƙulen gindinsa. A fere saiwoyin da baƙin ɓawo har sai fari tas ya bayyana. Idan aka ga ramuka baƙaƙe sun ratsa ciki, tsutsar gindin ayaba ce. A fere su fita, idan sun yi zurfi a yar da ɗan. Sannan a tsoma dunƙulen cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 kacal, a fitar. Wannan yana kashe ƙwan tsutsar da ƙananan tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani, amma wuce lokacin yana dafa shi. A haƙa rami mai faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki, a dasa bisa tazarar mita 3 da mita 2. Ayaba tana son ruwa, amma ba ta jure tsayawa a cikinsa.

Abarba tana fita daga kan da ake yarwa bayan an sha, kuma a kasuwar Mile 12 ko ta Ketu ana samunsa kusan kyauta. A murɗe kan, a cire ƙananan ganyen ƙasa, a kife shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 rauni ya bushe, sannan a dasa ba da zurfi ba, kada ƙasa ta shiga tsakiyarsa. Zai kai wata 18 zuwa 24 kafin ya haihu, 'ya'yan gindi kuwa sun fi shi sauri. Citta a gutsura ta kowane yanki da ido 1 ko 2, a bar rauni ya bushe, a dasa a buhu mai huji, a haƙa bayan wata 8 zuwa 9. Gwaza ma haka, sai dai ita ba ta ƙin wuri mai danshi.

Doya tana da wata dabara da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da IITA suka yaɗa. A yanka lafiyayyar doya ƙanana, giram 25 zuwa 50, kowane yanki da fatarsa, a barbaɗa toka ko maganin ruɓa, a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, a jera cikin garin katako mai ɗan danshi har su tsiro, sannan a kai kunya. Abin da za a haƙa ƙananan doya ne na iri, waɗanda za a shuka baɗi.

Mataki na 6: Ɗaurin reshe a jikin uwa

Gwaiba da lemun tsami suna wahalar kamawa idan an yanke su, saboda haka ake sa su yi saiwa tun suna jikin uwa. Laimar Legas tana taimaka wa wannan aiki ƙwarai, kuma a ganina ita ce hanya mafi riba ga mai bishiya ɗaya tak a tsakar gida.

A zaɓi miƙaƙƙen reshe mai kaurin yatsa. Kimanin santimita 40 daga kansa, ƙarƙashin gaɓa, a zagaye ɓawo da wuƙa sau biyu, tazarar santimita 2 zuwa 3, a ɗaye zoben da ke tsakani. A kankare santsin da ya rage a kan itacen sosai. Idan aka bar shi, ɓawo zai sake haɗewa, rauni ya warke ba saiwa. A shafa garin saiwa a leɓen yankan sama, domin daga nan saiwa za ta fito. A jiƙa ɓawon kwakwa ko tsohon garin katako, a matse da hannu har ruwa ya daina ɗiga, a dunƙula cikin tafin hannu a lulluɓe raunin, a naɗe da farar leda a ɗaure sama da ƙasa. Ɗaurin sama ya yi tsauri domin kada ruwan da ke gangarowa ta jikin reshe ya cika ledar, a kuma huda ƙaramin huji a ƙasanta. Idan rana na dukan wurin a ƙara rufa takarda ko baƙar leda.

Cikin mako 6 zuwa 10 za a ga saiwa ta cikin leda. A jira ta yi yawa ta fara sauya launi daga fari zuwa ruwan ƙasa, sannan a yanke reshen ƙarƙashin ɗaurin, a rage rabin ganyensa, a kwance leda ba tare da an fasa dunƙulen ba, a dasa a ƙasa ta biyu, a ajiye a inuwa wata guda. Idan reshen yana kusa da ƙasa kuma yana tanƙwaruwa, ba sai an yi ɗauri ba: a ɗan ji masa rauni, a binne wurin, a danne da dutse.

Mataki na 7: Aure

Wannan ya fi sauran buƙatar hannu, kuma bai kamata a zo gare shi ba sai an saba da wuƙa. Ana haɗa gindi mai ƙarfi da aka rena daga ƙwaya da reshen bishiya mai 'ya'ya masu kyau. Dangi ɗaya kawai ke auruwa, mangwaro da mangwaro, lemo da dangin lemo. Mangwaron aure yakan fara haihuwa a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa yakan kai 5 zuwa 8.

Ga mangwaro, gindin ya kai kaurin fensir. Kwana 7 zuwa 10 kafin aikin, a je wurin uwar da aka zaɓa a yanke ganyen kan reshe mai kumburarren ido, a bar guntayen hannuwan ganyen. Idan suka zube da kansu, reshen ya shirya. A yanko shi santimita 10 zuwa 15. A datse gindin a tsayin santimita 20 zuwa 30, a tsaga tsakiyarsa zurfin santimita 3 zuwa 4. A fiƙe ƙasan reshen ta gefe biyu da reza, kowane gefe da ja ɗaya mai santsi, a cusa cikin tsagar ba tare da yatsa ya taɓa yankan ba. Sirrin aikin duka shi ne ɓawo ya daidaita da ɓawo. Idan kaurinsu ya bambanta, a daidaita gefe ɗaya a bar ɗayan. A naɗe da zirin leda daga ƙasa zuwa sama yadda kowane zagaye zai hau na ƙasansa, ruwa ya zame, a kifa siririyar leda a kai, a ajiye ƙarƙashin rufi. Toho yana fita cikin mako 2 zuwa 4, sai a cire ledar sama. Ɗaurin kuma a kwance shi bayan mako 6 zuwa 8 kafin ya shaƙe kara. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a cire shi, in ba haka ba gindi zai rinjayi amarya, wato reshen da aka cusa, a koma gidan jiya.

Lemo da ido ɗaya ake aurar da shi. A tsaga ɓawon gindi a tsaye, a gitta wata tsagar, a ɗaga ɓawo a zura idon da aka feɗo da ɗan ɓawonsa, a naɗe. A wuri mai ruwa irin namu a yi gittawar a ƙasan tsagar, a zura ido daga ƙasa zuwa sama, domin kada ruwa ya taru a aljihun. Bayan mako 3 a kwance; idan idon kore ne ya kama, sai a datse gindin kaɗan sama da shi. Ɓawon da ya ƙi ɗaguwa alama ce ta ƙishi, a yi ban ruwa mako guda a sake gwadawa.

Game da lokaci, a guji tsakiyar Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Farkon damina, da ɗan hutun ruwa na Agusta, da ƙarshen Oktoba sun fi dacewa. Sai dai a faɗi gaskiya, mangwaro bai cika jin daɗin laimar bakin teku ba, baƙin tabo yakan kama furensa da 'ya'yansa, don haka mai ƙaramin fili a Legas ya fi cin ribar gwaiba da lemun tsami da ayaba.

Mataki na 8: Fitar da dashe

Dashen da ya saba da inuwa ba a kai shi rana rana ɗaya. A fara da hantsi na awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa har kwana 10 zuwa 14. A dasa da yamma ko ranar da gari ya lumshe. A yanke leda da reza maimakon a ja shukar, saiwar da ta nannaɗe a gindi kuma a datse ta. Zurfin dasawa ya zama daidai yadda take a leda, mahaɗar aure kuwa ta tsaya sama da ƙasa da aƙalla tafin hannu. Inda ruwa ke kwanciya a tara tudu a dasa a kansa, ciyawar rufi kuma kada ta taɓa kara. Furen da dashen aure ko na ɗauri ya yi a shekarar farko a tsinke shi, domin ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa.

Wanda zai sayar ya liƙa wa kowace leda suna da ranar aiki tun daga farko, domin ƙananan lemo da mangwaro ba sa bambantuwa da ido. Kada a fitar da dashe kasuwa sai saiwarsa ta riƙe ƙasar leda, wato idan aka ɗaga shi dunƙulen bai watse ba, kuma na aure sai tohonsa na farko ya yi tauri ya koma kore shar.